Barden Faris na Gwarinpa

Idan ana lissafa mutanen da suka san asalinsu a Abuja, a fara da Alhaji Zulkifilu Shabaliye, mataimakin darakta a wata ma'aikatar tarayya, sannan a huta kafin a nemo na biyu. Mu sauran jama'a Musa ɗan Isa ne, Isa ɗan Musa. Shi kuwa Allah ya ba shi sunan da babu mai irinsa daga Zuba har Nyanya.

Shekara hamsin da ɗoriya yana yawo da sunan nan bai san darajarsa ba, sai ranar da ya tambayi wayarsa. Waya ta ce Faransawa suna da Chevalier, ma'anarsa barde mai doki. Daga ranar tafiyar Alhaji ta canza. Ya saki shayi ya kama baƙin kofi, yana kurɓa yana yamutsa fuska, in an juya baya ya zuba sukari. 'Yan ofis suka sa masa Barden Faris. Da ya ji, ya ɗauka sarauta ce, har ya yi godiya.

Taron ofis kuwa ya shiga uku. Ana tsakiyar maganar rijiyoyin burtsatse sai ya cire tabarau ya ce, “Wato sunan nan, akwai masu rubuta shi da lam ɗaya, akwai masu lam biyu. Masu biyun ma 'yan'uwa ne, amma na nesa. Mu ne orijinal. Mun yi janar-janar, mun yi likitoci, mun yi mawaƙa. Faɗa ne kawai ba ma so.”

Kuma gaskiya ba ya so, don bai taɓa wuce sau huɗu a rana ba.

Matarsa Hajiya Rumasa'u ta ce masa, “Alhaji, ga Gwaggo Luba nan Tungan Maje, ƙanwar babanka ce. Da ka je ka tambaye ta mana.”

Ya dube ta da tausayi. “Hajiya, wannan fa bincike ne na ilimi. Ba tatsuniya nake nema ba.”

Abu ɗaya ke ci masa rai. Babu Bafaranshe ko ɗaya da ya taɓa buɗe baki ya kira shi ɗan'uwa, kuma ya san 'yan ofis suna ƙunshe dariya in ya wuce. Sai Allah ya kawo labarin wani injiniya a wata masana'anta a Idu, Bature, sunansa Chevalier, da lam ɗaya. Alhaji ya yi ta sintiri har mutumin ya amsa gayyata. Burinsa ba shi da yawa: Baturen ya miƙe gaban darakta da 'yan ofis ya ce wannan jinina ne. In hakan ta samu, bakin kowa ya mutu.

Ranar Asabar bayan azahar aka kafa rumfa a ƙofar gidansa a Gwarinpa. An buga ƙyalle mai hoton farin doki ya ɗaga ƙafafun gaba, ƙarƙashinsa an rubuta Haɗuwar Zuri'a. Hajiya kuwa, da yake ba a taron dangi babu babba, ta aika mota ta ɗauko Gwaggo Luba. Baturen ya zo da fara'a, ashe ya daɗe yana aiki a Damagaram, Hausa a bakinsa raɗau.

Alhaji ya karɓi lasifika. “Mai girma Oga Darakta, manyan baƙi, yau teku ta kasa raba jini. Kakanmu ya baro Faransa a kan doki, ya zo ya kafa gida a arewa. Ku dubi hancina, ku dubi na baƙonmu.”

Aka duba. Kowa ya mayar da ido kan farin dokin ƙyalle.

Baturen ya tambaya cikin ladabi, a wane gari kakan ya zauna? Alhaji ya ce nan ne binciken bai ƙarasa ba tukuna. Sai murya ta taso daga ɓangaren mata.

“Shabaliye? Ai na san shi! Ni da na sha hawa bayansa.”

Alhaji ya kusa yin kuka don murna. “Kun ji ko? Shaida mai rai! Goyonsa ce!” Da hannunsa ya kai wa Gwaggo lasifika, har da durƙusawa.

Gwaggo ta gyara mayafi. Ta ce Shabaliye wani Bature ne mai haƙar rijiyoyi a tsallaken iyaka, da zai koma gida ya sayar wa babansu Nababa jakinsa. A garinsu kuwa dabba sunan wanda aka saya a hannunsa take ci, don haka jaki ya zama Shabaliye, baba ya zama Nababa Mai Shabaliye, har sunan ya bi 'ya'ya makaranta.

“Jaki ne na kirki,” in ji ta. “Shekarar fari shi ya yi ta ɗauko wa gari ruwa. Sai dai in ya kafe, ko liman bai isa ba. Duk gidanmu babu wanda ya ɗauko halinsa sai Zulkifilu.”

Darakta ya sunkuya yana gyara takalmin da ba shi da igiya. Baturen ya yi dariya har da hawaye, ya rungume Alhaji ya ce duk masu sunan nan bai taɓa jin wanda ya shayar da gari guda ba, yana alfahari da takwaransa. Kalmar ɗan'uwa dai ba ta fito ba.

Amma barde ba ya faɗuwa da wuri. Da zai karɓi lasifikar, Alhaji ya raɗa wa Gwaggo, ya manta ba a kashe lasifikar ba, “Gwaggo, jakin dai daga Faransa aka kawo shi, ko?”

“Wace Faransa, ɗan nan? A kasuwar Mai'aduwa Baturen ya saye shi.”