Tumatir a Rumbun Hatsi

Da aka ce korona za ta sa a rufe kasuwanni, duk garinmu Filinge ba wanda ya kai ni dabara. Na lodo kwando huɗu na tumatir a amalanke. Matata ta ce, "Maigida, bari in yanka in shanya." Na ce mun gama cin busasshe a gidan nan. Na jera su kan hatsi cikin rumbu, na rufe ruf, ana tsakiyar bazara.

Kwana shida, maƙwabcina ya leƙo ta katanga, hannu a hanci: "Jakinka ne ya mutu?" Da na buɗe rumbu, ashe ruwan ruɓa ya lalata cimakar wata biyu. Lahadi ta zo, ranar kasuwarmu, kasuwa ta ci abinta, ba wanda ya rufe ta.

Har yau in na gitta, masu tumatir sai su ɗaga murya: "Malam, na miya ko na rumbu?"