Sifikar da ke Jikin Bangona

"Sannu da aiki, bawana. Ko sannu da ɓarna zan ce?"

Da wannan gaisuwa 'yar Yayana ta faɗo falon, ko mayafi ba ta sauke ba. Babban ɗana yana kan tsani, sukudireba a baki. Taubasai ne, ita 'yar namiji shi ɗan mace, don haka tun suna yara take kiransa bawanta. Tela ce, bakinta da almakashinta kaifinsu ɗaya. Amma yau na ga ba wasa kaɗai ya kawo ta ba.

Falon da ya mayar ɗakin kallo ba shi da fasali. Ya miƙe, sai ya karya kwana kamar gwiwar hannu, ga ginshiƙi tsaye a tsakiya. Ya sayo ƙananan sifiku da za su kewaye mai kallo, da wata baƙar ƙatuwa mai gurnani. Ƙatuwar ya cusa a lungun kwanar, ya ɗaura ƙarama guda a samanta. Bayan wannan bangon ɗakina ne, daidai inda nake shimfiɗa darduma. Tun da aka fara gwaji nake ɓacewa a tsakiyar salla, in rasa raka'a ta nawa nake. Shi kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in tsare shi da ƙorafi. Sai na kwashe dardumata na koma lungun sito. A can ta same ni yau, tsakanin buhuna, ina sallame la'asar.

Ya zare sukudireban daga baki. "Wa ya bar ƙofa a buɗe har guntuwar nan ta shigo?"

"Sauko in yi maka magana."

"Ko na sauko sai kin ɗaga kai. Hau kujera mu daidaita."

"Wannan baƙin akwatin, cire shi daga lungun nan."

Ya ce ba ta san komai ba sai zare da allura. Ya bayyana mata cewa a lungu gurnanin ya fi cika ɗaki. Ƙaramar kuma dole ta zauna a wannan bangon, don nisanta da kujera ya zo daidai da na 'yar'uwarta ta dama. In ya matso da ita gaba, ginshiƙi zai tare sautin, jirgin cikin fim ya taso daga gaban mutum ya ɓace bai wuce ta bayan kunnensa ba.

"To sai me in bai wuce ba? Kai ne matuƙin?"

"Ke da kike ɗinka wa mutane riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ina za ki gane daidaito?"

"Rigarka ce kawai, kuma jikin ne a karkace. Juya ɗakin gaba ɗaya. Talabijin ta koma wancan bangon, kujera ta ba ginshiƙi baya."

"Taga tana can. Haske zai kashe hoton."

"Labule fa? Ko shi ma sai an kira injiniya?"

Ya ce ba zai sake huda bango ba saboda wata mai zuwa cin abincin gidan mutane. Ta ce gidan bawanta gidanta ne, har shi har tsanin. Ya ce ta kwashi gidan ta tafi da shi in kanta zai ɗauka. Murya ta fara tashi, na ga jijiyar wuyansa ta fito irin ta marigayi babansa. Na so in ja ta mu fita, ta fizge hannunta.

"Ka san inda Gwaggo take salla yanzu?"

Ya dube ni, na dubi ƙasa.

"A sito. Uwarka, a gidanka, goshinta kusa da buhun gawayi."

"Ba ta faɗa ba," in ji shi, a hankali.

"Yaushe ta taɓa faɗa maka wani abu? Kana jira ta zo ta durƙusa ta kai ƙara? Wuce ɗakinta ka tsaya. Ba ni abin kunnawar."

Ya miƙa mata, ya wuce ta gabana kansa a sunkuye. Ta danna, ta ƙure ƙara. Wani abu ya fashe a cikin fim ɗin, ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Daga inda nake ina hango shi ta ƙofa, tsaye inda a da nake shimfiɗa darduma. Kofin ruwana yana tafiya da kansa a kan teburi, ya tare shi da hannu kafin ya faɗi.

Ya dawo falo. Ya cire waya, ya rungumo ƙatuwar, ya dire ta can gefen taga. Ita ta zauna a hannun kujera tana ba da umarni, ya ja nan, ya tura can, tana cewa ko jaki ya fi shi jin magana. Sau ɗaya ya ɗago zai rama, ya fasa.

Da aka gama juyi, sai ƙaramar sifikar nan ta rasa wurin zama, don bayan kujera ta hagu yanzu fili ne, babu bango. Ya jujjuya ta a hannu, ya miƙa mata.

"Ungo. Ki kai shago, ko kwastomominki sa huta da jin muryarki."

"Guda ɗaya, ba waya? Kai ko kyauta ba ka iya ba."

"Kin ci, uwargijiyata. Karɓi mana, hannuna ya gaji."

"Ni zan ɗauka, ga bawa a tsaye? Kai mini bakin titi."

Dariya ta ƙwace masa. Ya ɗora sifikar a ka, ya bi bayanta.