Laftof ɗin Aro a Ranar Yaye

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Saratu ta shigo ajinmu da wannan laftof ɗin ba, kuma har yau ban ce ta kyauta min ba. Ni ce gwanar ajin kafin ranar. Na faɗa, in ma yabon kai ne to shi ne.

Sai da na aurar da 'ya sannan na shiga makarantar manya a Samaru, na koyi haɗa baƙi, daga nan na zarce ajin kwamfuta. Kwamfutocin irin na tebur ne, tsofaffi masu ƙeya, in ka kunna sai ka je ka yi alwala ka dawo ba su gama farkawa ba. Amma ni da su mun fahimci juna. In na dafa maus, kibiyar nan ta kan gilashi bin umarnina take kamar 'yar da na haifa. Duk wadda rubutunta ya ɓace, ni Malama ke cewa, “Maman Abba, taimaka mata.”

Sai ga Saratu, maƙwabciyar kujerata, matar da ni na nuna wa yadda ake babban baƙi. Ɗanta ya aiko mata da laftof daga Abuja, siririya kamar faranti. Ba maus, ba waya. Yatsa kawai take ɗorawa a kan gilashin, hoto ya buɗe, ta ja shi ya bi ta. Matan aji suka watse daga bayana suka koma kanta, har da Malama. (Saratu ba ta yi min komai ba, har cewa ta yi in zo in taɓa. Wannan ɗin ne ma ya fi ƙona min rai.)

Da bikin yaye ya matso, aka ce mutum ɗaya za ta fito ta rubuta jawabin godiya a gaban baƙi, majigi yana haskawa a bango. Na ji an fara ambaton Saratu, na miƙe. “Gwani za a nuna ko kaya? In kaya ne a faɗa mana mu zauna a gida.” Aka ba ni.

Da na tsaya a nan, da na fita kunya. Amma zuciyata ta ce ba zan zauna gaban mai ƙeya ba alhali Saratu na rungume da faranti. Na hau Keke Napep sai Sabon Gari, shagon ƙanin mijina Nura mai gyaran kwamfuta. Na zaɓi wadda ta fi kowacce siranta na ce aro.

“Anti, tsaya in nuna miki, wannan fa...”

“Ni za ka koya wa? Jibi za a ba ni satifiket.”

Na kai ta gida na tura ƙarƙashin gado, ko buɗewa ban yi ba, don kada labari ya kai kunnen Saratu. So nake ta gani a ranar, ta ji abin da na ji.

Ranar ɗaki ya cika. Maigida a layin gaba, 'ya'yana, surukina, har da matan unguwa da na gayyato da bakina. Na zaro laftof daga mayafi a hankali, na saci kallon Saratu. Malama ta kunna ta haɗa da majigi. Na duba bango. Komai ya sauya wuri. Maɓallin da na sani a kusurwar hagu ya koma tsakiya, alamomin duk baƙin fuska. Hannuna ya tafi neman maus, ya dafa tebur.

Na ce ba komai, ai na ga yadda ake yi. Na ɗaga yatsa da yanga na taɓa gilashi. Shiru. Na sake taɓawa. Na danna da ƙarfi har murfin ya kwanta baya. Na goge gilashin da gefen mayafi. Sannan (Allah Ya yafe min) na lashi yatsan kamar mai buɗe shafin littafi, na sake dangwalawa. Kibiya na tsakiyar bango, ƙiri-ƙiri, ko motsi.

Maigida ya yi gyaran murya. Na juyo na ce wa jama'a, “Netwok ne.”

Wata daga baya ta ce, “Maman Abba, yau kuma rubutun ma sai da netwok?”

Dariyar da aka yi, har surukina, mutumin da bai taɓa haɗa ido da ni ba, sai da ya cusa fuska cikin hula.

Wa ya taso? Saratu. Ta sunkuyo ta raɗa min, “Yaya, ba duka ake taɓawa ba. Ga wurin nan a ƙasa.” Ta kama yatsana, wannan jiƙaƙƙen, ta ɗora a kan wani ɗan fili da ke gaban maɓallan, ta ja. Kibiya ta motsa. Haka na rubuta jawabin, tana tsaye a kaina, kuma da na gama rabin tafin nata ne. Hoton da aka ɗauka ma hannunta na kan nawa. Shi ne a falona yanzu, don 'ya'yana sun ƙi a cire.

Abin da na koya, in za ka yi gasa da kayan aro, ka bari mai kayan ya ƙarasa maganarsa.

Washegari da safe ban mayar wa Nura ba. Na saɓa ta na nufi gidan Saratu, na yi sallama, na ajiye a kan tabarmarta na ce ta koya min daga farko. Ta ɗauko tata ta ajiye kusa da tawa. Na ce ta matsar da ita can, ina ganinta ba na fahimtar karatu.