Ranar da Na Tashi Auna Gudun Haske a Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Yaya Hauwa ba, ko da na so, don har yanzu in aka ƙyasta ashana kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Ni dai tun muna sakandare haske ya shiga raina. Malamin kimiyya ya ce mana hasken rana sai ya yi tafiyar minti takwas kafin ya iso mu. Tun daga nan, in na fito shara da safe na ga rana ta leƙo ta kan duwatsun Rano, sai in tsaya da tsintsiya a hannu ina tunanin baƙon nan da ya taso daga uwa duniya, bai ya da zango ko'ina ba sai a kan zanin Inna da ke shanye a igiya. (Inna ta sha cewa a nemo mai ruƙiyya.)

Wata rana na ga bidiyo a waya, wai ana iya auna gudun haske a gida da maikurowef, na'urar nan ta ɗumama abinci. A cire farantin da ke juyawa, a shimfiɗa man shanu a wani farantin, a kunna kaɗan. Zai narke wuri-wuri. A auna tsakanin narkewa biyu da rula, a ninka biyu, a sake ninkawa da lambar da ke bayan na'urar, shi ke nan. To, mu gidanmu murhu ne da itace. Na haƙura, sai dai mafarki.

Sai ga bikin Yaya Hauwa, 'yar wan babana, za a kai ta Kibiya. Gwaggo Larai ta sayar da awakinta biyu ta sayo mata maikurowef daga Kano, don kada dangin ango su raina mu. Tun da na gan shi a kwali nake kewaya shi kamar kyanwa da kitse.

Ranar jere, bayan azahar, an gama shirya ɗaki, an ta da janareta ana gwada firji. Mata suka fita tsakar gida cin abinci. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar boko, zauna ki tsare mana ɗakin nan. Dangin ango na tafe ganin jere. Ko ƙuda kar ya sauka."

Rula tana jakata. Curin man shanu ma yana ciki, na saya wurin wata Bafulatana tun da safe. (Ka ga ke nan ba zan iya cewa tsautsayi ba ne.) Na buɗe shogilas na ɗauko faranti mafi kyau, farin tangaran mai zagayen ruwan zinare, don a ganina baƙo irin haske bai cancanci roba ba. Na shafe shi da mai, na sa a maikurowef, na yi bisimilla, na danna.

Na ɗan lokaci abin ya yi kyau, wallahi. Fitila ta kama a ciki, man yana sheƙi, ina jin kamar an buɗe min wata 'yar taga ina leƙen sama. Sai wani shuɗin tartsatsi ya zagaye bakin farantin, kamar walƙiya a kwalba. Tas! Tas! Faranti ya tsage, hayaƙi ya turnuƙe, janareta ya yi tari ya mutu.

Ban san sanda na fito ba. Na dai tsinci kaina a tsakar gida, ba takalmi, rula a hannu, ina salati, daidai lokacin da dangin ango suke sallama.

Gwaggo ta shiga ɗakin ta fito, idonta jawur. "Me kika yi wa awakina?"

Na ce, "Gwaggo, gudun haske nake aunawa."

Wata tsohuwa, yayar uwar ango, ta dube ni daga sama har ƙasa. "To 'yar nan, nasa dai ban gani ba, amma naki na gani. Allah Ya sa an bar mana irinki a dangin, ko ma samu mai kai saƙo Kano."

Dariyar da aka yi ce ta cece ni daga mari, amma ba ta ceci ɗakin ba. Haka suka shiga ganin jere suna toshe hanci da mayafi, labule na warin ƙonannen mai, turaren wuta bai yi komai ba. Na'urar ba ta mutu ba, sai dai baƙin tabo a cikinta. Gwaggo ta lulluɓe ta da kyalle, Yaya Hauwa kuwa har yau tsoron kunna ta take. Ni ma an yi jere biyu a dangi bayan nan, ba wanda ya aiko kirana.

Bayan sati na daure na koma kan bidiyon, don ashe rabi na kalla, zumuɗi ya ɗauke ni. Can wajen ƙarshe mutumin ya ɗaga faranti mai bakin zinare, irin na Yaya sak, yana girgiza kai, wai kar a kuskura a sa irinsa a ciki, tartsatsi yake yi. Darasina ke nan: mai son sanin gudun haske, ya fara koyon zama ya ji ƙarshen magana.