Rumfar da Na Yi wa Bututun Alhaji

Ni wautata har da ƙwazo a cikinta, shi ya sa ta yi suna.

Zamanin da kuɗin mai suka yi yawa, maigidana, wani Alhaji ɗan kwangila a Faskari, ya gina tafkin wanka na siminti a gidansa. Ni ke kula da gidan. Injiniya ya ce ruwan zai yi sanyi da ɗari, sai a zaɓa: ko injin ɗumama ruwa mai cin lantarki, ko baƙaƙen bututu da rana za ta riƙa gasawa, ruwan ya bi ta ciki ya ɗumama.

Alhaji ya dube ni. Na gyara hula na ce, "Alhaji, wutar da ba ta iso garin ba za mu jira? Rana kuwa tamu ce."

Aka shimfiɗa bututun, Alhaji ya tafi Legas. Kullum in ga kaya masu tsada suna soyuwa, abin ya dame ni. Ko mota ai ana yi mata inuwa. Na yanko kara, na kafa masu rumfa, har da zana a gefe.

Ranar da Alhaji ya dawo ya tara baƙi daga Ƙanƙara da Sabuwa, shi ya fara faɗawa ruwan. Ya fito yana salati, haƙora na kaɗawa, sannan ya hango rumfata.

Bai kore ni ba, gadin ƙofa ya maida ni. Har yau Malam Idi mai shayi in ya hango ni sai ya ce, "Baba, ga shanyar barkono can rana na cin zalinta, ba ka taimaka?"