Tsohon da Ya Zaga Gari a Zaune

"Lafiya lau, amarya. Kin gan ni nan, yanzu na dawo daga tattaki."

Tsohon direba ne yake amsa gaisuwar jikarsa, yana kishingiɗe a kujerar tsakar gida inda ciwon kwatangwalo ya dasa shi. Likita ya ce ya riƙa takawa kullum, yau kuma jikar za ta mayar da shi asibiti ya faɗi iya abin da ya taka. Tsohon nan kuwa da a ce da baki ake tafiya, da tuni ya ƙure duniya.

"Tattaki ina, angona?" in ji ta.

"Kasuwa. Na zarce tasha, na leƙa bakin gada."

"Da wane takalmin? Wancan da kaza ta yi ƙwai a ciki?"

"Haya na ba ta. Ni yanzu takalmi ba ya iya saurina."

"Maƙwabcinka ya ce shi ka aika kasuwar."

"To wa ya aike shi? Ni! Tafiyarsa ai tawa ce, ƙafa kawai na ara."

"Tashar fa?"

"A mafarki na je, amma na tashi a gajiye. Ki tambayi gwiwata."

"Kai tsoho, ji tsoron Allah! Kujerar nan har ta ɗauki siffar bayanka."

"Ke da kike hawa babur zuwa shagon ƙofar gidanku? Raguwa! Da ban aure ki ba, wa zai kwashe ki?"

Ta yi dariya, sannan ta tsuke fuska. "Shi ke nan, haka za mu faɗa wa likita. Dama ya ce in kana takawa sosai kuma ciwon bai ragu ba, tafiya ba ta yi magani ba ke nan, sai a yi maka aiki."

Tsoho ya miƙe zaune. A duniya ba abin da yake tsoro kamar wuƙar likita.

"Aiki kuma? Tsaya. Gadar nan, ban kai ba. Hango ta na yi."

"Kasuwa fa?"

"Cire kasuwa."

"Me ya rage?"

"Ƙofa."

"Ta gida?"

"Ta ɗaki. Ita ma sai na dafa bango." Ya sassauta murya. "Tun ranar da na zame a banɗaki, in na ɗaga ƙafa sai in ga ƙasa tana jira na."

Tausayinsa ya kama ta. Ta miƙa masa hannu. "Wannan za ka faɗa wa likita. Tashi mu fara, daga nan zuwa ƙofar gida."

Ya riƙe ta gam, ya taka ɗaya yana cije leɓe, sai ya fashe da dariya.

"Kin ci, amarya. Amma in na faɗi, ki ce masa gudu nake yi."