Yadda Za Ka Burge Surukinka da Farashin Bindigar Finlan

Ɗan'uwa, idan ka gaji da zuwa gidan surukai kana durƙusawa a zaure, a amsa gaisuwarka a taƙaice, a juya a ci gaba da hira da mijin yayar matarka don shi da mota ya zo, to yau kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan kada ka tsallake ko ɗaya, na yi maka alkawari surukinka zai riƙa yabonka har a ƙofar masallaci. Na gwada hanyar a kan maƙwabcina Sirajo, mai cajin salula a bakin tashar Tasawa, kuma ta yi aiki fiye da yadda muka roƙa.

1. Zaɓi ilimin da babu mai ƙaryata ka

Kada ka kuskura ka taɓa zancen gero, awaki ko damina, tsoho zai kayar da kai tun ba ka rufe baki ba. Nemi abu mai nisa. Sirajo a salular wani da ya kawo caji ya ga bidiyon Turawa suna cinikin tsofaffin bindigogin sojan Finlan, kowa na shafa tasa kamar ragon layya. Ya fahimci cewa akwai ƙasa mai sanyi da ake kira Finlan, akwai masu sayen tsofaffin bindigoginta don ajiya kawai, kuma wadda ba a goge ba, ba a canza mata komai ba, ta fi tsada. Wannan ya ishe ka. Ilimi in ya yi yawa yana kawo shakka, mai shakka kuwa ba ya burge kowa.

2. Saurari matarka da kunne ɗaya

Za ta yi maka kashedi, dukansu suna yi. Hamida, matar Sirajo, ta gaya masa cewa mahaifinta, Baba Danda na Kona, ya yi niyyar raba wa 'ya'yansa ɗan abin hannunsa bayan girbi, tun yana raye, don kada a yi rigima a bayansa. Ita abu ɗaya take so: jar karsanar nan, 'yar saniyar da marigayiya mahaifiyarta ke tatsa. Tun da aka yaye ta, duk wanda zai tafi Kona sai Hamida ta ɗora masa ƙullin dusa.

"Baban A'i," in ji ta, "don Allah in munka tahi, gaisuwa kawai. Kak ka ja dogon zance. Baba ya riga ya nuna mani alama karsanar tawa ce."

Ka ce mata to. Kalmar ba ta da tsada.

3. Bari bindiga ta fara magana

Cire takalmi daga nesa, durƙusa, gaida tsoho kai a ƙasa yadda aka saba. Sai ka ɗaga ido a hankali zuwa bango. Ta Baba Danda tana rataye a maratayi kusa da buzun salla, tsohuwar bindigar toka ce da ake ɗura wa albarushi ta baki, an ɗaure ƙotarta da fata da waya. Kada ka ce komai tukuna. Yi salati ƙasa-ƙasa, girgiza kai, jira a tambaye ka.

"Lahiya dai, mutanen Tasawa?" in ji tsohon.

"Baba, kun kuwa san abin da kunka rataye nan?"

"Ta mahaihina ce. Ya saba halbin zabi da ita."

"Baba, irin ta sojan Finlan ce."

"Hinlan. Gaba da Agadas take?"

"Gaba da Agadas sosai, Baba."

Lura da kalmar "irin". Ita ce ƙofar gudunka, ko da yake zan gaya maka gaskiya, ban taɓa ganin wanda ya samu fita ta cikinta ba.

4. Mayar da kowane aibi daraja

Tsatsa shaidar shekaru ce. Tsagewar ƙota, sanyin ƙasarsu ne ya yi ta. In an tambaye ka tambarin soja da lamba, waɗanda masu ajiya ke dubawa kafin komai, ka ce suna ƙarƙashin tsatsar, kuma wanda ya kankare ta ya zubar da rabin kuɗin.

A kowane gida akwai mai taurin kai. A nan Iliyasu ne, yayan Hamida, wanda ya jingina da bango yana sakace.

"Ni dai na ji an ce wani maƙeri na Atantane ya ƙera ta," in ji shi.

"Yaya, su ma can ai maƙera ke ƙera masu," in ji Sirajo, bai ko ƙifta ido ba.

5. Kada ka faɗi lamba, auna ta da dabba

Lamba ana iya bincikenta a kasuwa. Bari tsoho ya yi tayi da kansa. In ya ce za ta yi kuɗin akuya, yi murmushin ladabi. In ya ce tunkiya, kawar da kai kamar an zagi wani naka. Sai ya matsa sannan ka sauke murya ka ce, "Baba, a hannun wanda ya san ta, ta hi saniya da ɗanta."

Nan ne aikinka ke nuna. Baba Danda ya miƙe da kansa ya sauko da ita, ya ɗora a cinya yana share mata ƙura da hannun riga. Sannan ya ce, "Ashe baba ya bar mani abu." Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ganin gonar jigawa kawai ya gada. Ni da aka ba ni labari sai da tausayi ya kama ni, amma tausayi ba ya cikin matakan, saboda haka mu wuce.

Ranar an shimfiɗa wa Sirajo sabuwar tabarma, an yanka masa zakara. Mai mota, mijin yayar Hamida, ya yi ta kaɗa makulli ba wanda ya waiwaye shi. Ci namanka, ka yi kamar ba ka ga idon matarka ta bakin ƙofa ba.

6. Ranar rabo, riƙe kunyarka

Wannan ne matakin da ke bambanta gwani da ɗan koyo. Bayan an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, tsoho ya tara 'ya'yansa da surukai a ƙarƙashin bishiyar bedi da ke ƙofar gida, da liman don shaida. Ya ba babbar 'yarsa tumaki. Ya ba Iliyasu jar karsana. Sannan ya ɗauko bindiga da hannu biyu.

"Wagga, abin da ya hi komi daraja cikin gidan ga, ta Hamida ce. Mijinta kaɗai ya san ƙimarta, a hannunsu ba ta wulaƙanta."

Hamida ta rarrafo ta durƙusa. "Baba, ni mace mi zan yi da bindiga? A ba Yaya, ni a bar mani karsanar, ta ishe ni."

Tsoho ya dubi liman, idonsa ya cika da ƙwalla. "Kun ji ta ko? Halin uwatta sak, ba ta da kwaɗai. To ni ba ni barin ki cuci kanki, ɗiyata." Ya juya ga surukinsa. "Ko ba haka ba, Baban A'i?"

Kowa zai zuba maka ido. Jumla ɗaya za ta dawo da karsana, ka ce, "Baba, na zuzuta." Amma a gaban liman, a gaban mai mota, ka ce wa surukinka ka yi masa ƙarya, ka kuma ƙwace masa gadon ubansa da ya samu da tsufa? Bakin suruki ba ya buɗuwa ta nan. Sirajo ya dubi ƙasa ya ce, "Allah shi saka da alheri, Baba." Iliyasu kuwa, da bai taɓa yarda da zancen Finlan ba, ranar bai yi musu ko kaɗan ba, ya tashi ya ƙara wa igiyar karsanar ƙulli.

7. Bar dukiyarka inda take

Kada ka goya bindiga a kabu-kabu ka nufi Tasawa. Jandarman da ke shingen hanya bai kalli bidiyon ba, kuma ba zai tsaya jin tarihin ƙasa mai sanyi ba. Mai saye kuma har yau bai iso Kona ba. Roƙi tsoho ya ajiye maka ita, zai ji daɗi ya ce kana da amana. Tana nan a maratayinta na da, sunan mai ita kawai ya canza.

Hattara

Na yi alkawarin suruki zai yabe ka, kuma Baba Danda har gobe yana gaya wa baƙi cewa cikin surukansa babu kamar na Tasawa. Abin da ya biyo baya babu hannuna, babu ruwana, kada a kawo mini ƙara ko biko. Ban ce matarka za ta yi magana a hanyar komawa gida ba. Ban ce ba za ka ji ta tana kuka a bayan ɗaki ba ranar da labari ya zo cewa karsana ta haihu a garken yayanta. In kuma ka dawo daga tasha da rana ta ajiye maka fura gayanta, ka tambayi nono, ta ce, "Tahi Kona ka tatsi bindigarka," to ka dama da ruwa ka sha, ka yi shiru.